Yadda Za Ka Kare Kabarin Mahaifiyarka da Itacen Bakau

Ɗan'uwa, in teku ya cinye gonar shinkafarka kamar yadda ya cinye tawa, yanzu kuma ya doshi maƙabarta, kwantar da hankalinka. Ni ne Wagiman, gwanin bakau, itacen da ke fitowa a lakar bakin teku yana tare ruwa, na ƙauyenmu a gaɓar tsibirin Jawa, ko da yake ba wanda ya naɗa ni. Bi matakan nan, sakamako kamar a aljihunka yake.

1. Cika baki a gaban jama'a

Bayan sallar Juma'a, miƙe ka ce, "Bana in an zo zuba fure a kaburbura kafin azumi, ba mai jiƙa zaninsa." Ɗaga murya sosai. Alkawarin da ba a ji ba ai asara ne.

2. Tuna kai manomi ne

Tsinto 'ya'yan bakau, dogayen nan masu tsini, ka cika aljihu. Ja igiya a gaban maƙabarta, ka dasa su layi-layi, kusa-kusa, kamar dashen shinkafa. Tsiro duk tsiro ne.

3. Tare ruwa

Ruwan teku ya shigo ya fita, ya shigo ya fita, wace gona ce za ta yi albarka a haka? Yi datsi da laka, ya tsaya cak. Matarka za ta sa baki. Tawa, Sumirah, cewa ta yi, "Baban Tini, na bakin kogi da suka fito da kansu, wa ya datse musu ruwa?"

Ka ce mata, "Shi ya sa ba su da tarbiyya."

4. Ji tausayinsu

Gishiri safe, gishiri yamma, ko kai ne ai ka gaji. Ɗebo ruwan rijiya ka shayar da su. In maƙwabcinka Tsoho Karso ya leƙo ya ce, "Wagiman, ka manta sukari," share shi, hassada ce.

5. Nemo mai laifi

Ganye zai yi rawaya, saiwa ta ruɓe, don ashe sai ruwa ya janye take shan iska. Ɗora wa ƙaguwa. Ba ta da bakin musu.

6. Je ka gai da mahaifiyarka

Ranar zuba fure ruwa zai kai gwiwa, kowa zaninsa sharkaf, kowa yana kallonka. Lalubi dutsen kabarin da ƙafa. Zuba furen, ka ga ya bi ruwa ya tafi. A nan ka durƙusa ka yi kuka. Ni dai na yi, har da majina, don na ji tsoron baɗi ba zan gane inda Inna take ba. Garin durƙuso, ɗan bakau ɗaya da ya rage a aljihu zai faɗo ya cake a laka. Kada ka lura.

7. Kame hannunka

Bayan ƙaramar sallah ka dawo. Teku ya riga ya rushe datsinka, a daidai kan Inna kuma ga tsiro da ganye kore shar. Za ka miƙa hannu ka gyara masa tsayuwa. Sumirah za ta buge hannun.

"Taɓa shi ka kwana a kwalekwale. Inna ce ta gaji da kai ta shuka abinta."

Gargaɗi: duk wanda ya bi maganata dashensa ya mutu, ya kuka da kansa, ba ruwana. Na kuma san itace ɗaya ba ya tare teku, sai dai ko yana nuna wa ɗa inda zai tsaya. Mai ƙarin tambaya ya same ni can a maƙabarta. Ni ne wanda ke tsaye cikin ruwa, hannuwa a baya.