Injin da Iska Ta Shiga

Wani ne a Lembang, can saman Bandung, inda ruwan safe ke yanka hannu. Matarsa Kokom ta haihu, ɗan fari. Ranar suna surukarsa, Ema Icih, ta tsoma yatsa a bokitinsu ta zare da sauri. Ta ce 'yarta ba za ta yi jego da ruwan ƙanƙara ba. Ko dai a samu ruwan zafi safe da yamma, ko ta kwashe uwa da ɗa zuwa gidanta a Garut har kwana arba'in. Shi kuwa bawan Allah ko kasuwa ya fita sai ya juyo ya leƙa yaron nan.

Ya ruga ya sayo injin dafa ruwa, irin mai tanki da fanka a ka. Aka kafa shi a lungun bayan kicin. Kwana biyu ana wanka ana shi masa albarka.

Rana ta uku ya je gaida injin. Yana miƙa hannu, sai ya ji iska mai sanyi na busowa daga cikinsa. Ya duƙa, ga ruwa na ɗiga ta wani siririn tiyo. Ya kasa kunne, ga nishi ƙasa-ƙasa.

"Kokom," ya ce, "injin nan ba lafiya. Jiki sanyi ƙalau, ga zufa, ga nishi. Iska ce ta shige shi."

Ta ce masa ai ruwa na zuwa da zafinsa. Ya ce haka kawunsa ya yi ta cewa lafiyarsa lau, har aka binne shi.

To, mu nan kowa ya san maganin shigar iska, wato sanyi ya kama jiki: a mulke mutum da man zafi, a kankare masa baya da kuɗin ƙarfe har fata ta yi ja. Ya ɗauko man zafi ya mulke injin tun daga wuya. Ya sa kuɗin ƙarfe ya kankare masa baya, layi-layi, har fenti ya tashi. Da ya ga jan ƙarfe ya fito, ya girgiza kai ya ce lallai ta shiga da nisa. Ya lulluɓe shi da bargo biyu, ya toshe taga da jarida, ya ja ƙofa a hankali kada ya tashe shi.

Washegari ruwa ya zo da ɗumi-ɗumi. Ya ce jiki ya tsananta, ya ƙara katifa da rigarsa ta zuwa biki. Da gari ya sake wayewa, ruwa ya koma na rijiya. Ema Icih ba ta yi faɗa ba tukuna. Jaka kawai ta sauko da ita, ta kira ɗanta ya zo da mota da la'asar.

Nan hankalin mutumin ya tashi. Ya kira mai gyara, Mang Oding.

"Fankar tana juyawa?" in ji Mang Oding.

"Na kwantar da ita, Mang, ta samu barci."

"Iska na fita?"

"Wace iska? Na tare ko'ina."

"Ruwan da ke ɗiga ta tiyo fa?"

"Na ɗaura masa ƙunzugun jariri."

Mang Oding ya ce kada ya ƙara taɓa komai, ko gaisuwa kada ya yi masa, ga shi nan tafe.

Ya iso a babur bayan azahar. Ya ɗaga katifa, ya yaye barguna, ya cire riga ya miƙa wa mai ita, ya kwance ƙunzugu. Ya zaro ragar tace iska, ta daskare da man zafi da gashin bargo. Yana wanke ta yana bayani: injin nan zafin da ke cikin iska yake zuƙa ya zuba a ruwa, sanyin da ya rage ya hura waje. Sanyin nan alamar lafiya ce, ɗigar ruwan ma haka. Abin da aka yi masa ba jinya ba ce, maƙurewa ce.

Ya buɗe taga, ya kunna. Fanka ta ɗauka. Ya ce nan da awa huɗu a yi wanka.

"Huɗu, Mang? Mota nan da awa ɗaya take!"

"To ni zan hura? Garinku ne da sanyi. In da zafi a kusa da shi, ya fi sauri."

Daidai nan Ema Icih ta leƙo, ta ga ƙunzugun jikanta a ƙasa, fes da shi sabo, ga bargon 'yarta ya sha man zafi. Ai kuwa ta kwance wa surukin nata buhu. Ta faro daga ranar da ya zo neman aure da takalmi wari-wari, ta bi ta kan danginsa ɗaya bayan ɗaya. Fuska ta yi jajir, gumi na tsattsafo mata a goshi.

Mutumin ya dubi surukarsa, ya dubi injin. Ya jawo kujera ya ajiye gab da fanka, ya goge ta da hannun riga, ya rusuna.

"Ema, don girman Allah, tunda kin riga kin ɗau zafi, zauna nan kusa da shi ki ƙarasa."