Yatsuna Sun San Hanya

Wata uku na yi ina rubuta wa ƙungiyar makiyayan Dumega manhajar da za ta riƙa tuna musu ranakun rigakafin shanu. Ana gobe zan nuna ta, na koma wani sabon shirin rubuta manhaja. Abokiyar aikina Rakiya ta ce, "Malam, saita maɓallan irin na tsohon shirin mana, minti biyu ne." Na ce yatsuna sun san hanya.

Washegari, gaban dattawan ƙungiya, na janye gyare-gyarena don su ga inda na faro. Sai na shiga danna maɓallan Ctrl da Y don in maido da gyare-gyaren, ina kallonsu ina zuba bayani. A tsohon shirin, wannan maido da aiki yake yi. A sabon, goge layi yake. Na adana, na rufe, har da murmushi.

Manhajar ba ta sake tashi ba, kuma ba ni da wani kwafi.

Shugabansu ya duba ordinatar, wato kwamfutar, ya dube ni. "Malam, shanun ne suka ɓace?"

Aikin dai wani aka ba. Yanzu duk garinmu Dogon Dutsi Malam Goge ake kirana. Jiya na miƙa hannu zan kunna wa Inna rediyo, ta janye abinta.