Yadda Za Ka Burge Surukinka da Bashin da Japan Ke Bin Amurka

Kai mai neman aure, ajiye turaren nan. Surukan yanzu ilimi suke so, ba ƙamshi ba. Bi matakan nan, ni na tsaya maka, sai an ba ka yarinya. Da matakan nan Kamal, mai keke napep a Akurba da ke garin Lafiya, ya je Assakio neman Muhibbat wurin mahaifinta Baba Lawal, manomin doya, kuma ga shi nan da ransa.

1. Haddace ƙasa uku, kar ka ƙara

Japan, China, Ingila. Suna cikin masu sayen takardun bashin Amurka su ajiye suna jiran riba. Ba sai ka san inda suke ba. Kamal har gobe gani yake Japan tana can gaba da Makurdi, inda ake ƙera babura.

2. Kar ka yi shirun surukuta

Al'ada ta ce ka durƙusa ka sunkuyar da kai. To, durƙusa. Amma da an ce maka ya hanya, ja dogon numfashi ka ce hanya lafiya, Amurka ce dai ba lafiya. Dole a tambaye ka me ya same ta.

3. Nemi abin misali

Kamal tulin doyar tsakar gida ya nufa. Ya ɗauko ƙatuwa ya ce Japan ke nan, mai bi mata China, wata 'yar siririya Ingila. Najeriya kuwa ƙwayar gyaɗa ya ajiye mata, kaza ta zo ta tsince. Kar ka kori kazar. Ka ce ita ce tsadar rayuwa.

4. Yanke hukunci da ƙarfin hali

Nan Kamal ya gyara murya ya ce babbar ƙasa ita ce wadda dukiyarta ke hannun wasu, mai ƙanƙame abinsa kuwa matsiyaci ne. Baba ya tambaya ko Japan kan yi sammako ƙofar Amurka ta ce a ba ta kayanta. Kamal ya yi dariya, ya ce haba Baba, manya ba sa tambaya.

5. Karɓi girmanka

Baba ya leƙa waje inda keken Kamal ke sheƙi.

"Wallahi ɗana, kai ma Japan ne. Ba ni makullin nan, ina da doyar da zan kai kasuwa."

Muhibbat na leƙe ta bayan labule, to ya Kamal zai yi? Ya miƙa makullin, ya dawo garin Lafiya a bayan acaɓa. Tun damina keken ke Assakio, har an cire kujerar baya don doya ta samu wuri. Duk ran da Kamal ya buɗe baki, sai Baba ya tuna masa manya ba sa tambaya. Riba kuwa tana zuwa: jefi-jefi a aiko masa doya ɗaya, wadda gefenta ya fara ruɓewa.

An dai sa ranar aure, ka ga ban yi ƙarya ba.

Hattara: in ka bi wannan ka rasa abin hawa, ba ruwana, ban san ka ba, ban taɓa ganinka ba. Kamal ma ya daina amsa gaisuwata. In ka gan shi kan titin Makurdi yana takawa a ƙasa yana share gumi, don Allah ka rage masa hanya, babbar ƙasa ce.