Sharar Aro

Ba zan taɓa mantawa da wannan Alhamis ɗin ba, ko da kuwa na so, kuma wallahi na so. Ita ce ranar da na yi ja-in-ja da ciyaman ɗinmu a kan buhun gorunan roba, a gaban jama'a da masu ɗaukar hoto, ina sanye da kakin da ya sha guga har yana ƙyalli.

Ni duba-gari ne a sashen tsabtace muhalli na ƙaramar hukumarmu a Jimeta. A wancan lokacin ina ji da kaina ƙwarai. Na dawo daga wani kwas na mako biyu, na zo da takardar shaida da jaka mai tambari, kuma duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya sha bayani a kan sake sarrafa shara, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. (Matata ta ce har a kan tuwo nake yi mata lacca.)

Ana haka sai ƙaramar hukumarmu da maƙwabciyarmu ta ɓangaren Yola suka shirya yin aiki tare. Dalilin a fili yake. Gorunan roba da ledojin ruwa suna toshe kwalbatoci, in damina ta sauka ruwa ya shiga gidajen mutane, kuma ruwa ba ya tsayawa ya tambayi inda iyakar ƙaramar hukuma take. Aka raba aiki: mu za mu kafa kejin waya a unguwanni domin mutane su riƙa jefa goruna, su kuma za su kawo mota da sauran kayan aiki. Aka ce za a ƙaddamar da shirin a unguwar Yolde Kohi, aka damƙa min kejin can.

A taron share fage da muka yi da mutanen Yola, na nuna bajinta a inda ba ta da amfani. Awa guda na kwashe ina gardama a kan hoton ciyaman ɗin da zai zauna a hannun dama a jikin ƙyallen taro. Takwarana daga can, Malam Bakari, wani dattijon duba-gari ɗan Yola Gari wanda ba ya ɗaga murya, ya bar min dama ba tare da wata wahala ba. Ya dai tambaya ko mun zauna da matan unguwar mun ji abin da suke yi da gorunansu. Na ce masa wannan tsohon yayi ne, yanzu ilimi ake bi. Daga nan na fita waje in buga wa shugaban sashenmu waya in yi masa albishir ɗin nasarar hoto. Kafin in dawo sun gama tsara yadda bikin zai gudana. Suka miƙo min takardar jadawalin, na ninke ta na yi fifita da ita, don zafin Yola ba ya jin kunyar kaki.

Keji ya yi mako uku a tsaye. Ranar Laraba, saura kwana ɗaya biki, na je dubawa. Abin da na tarar a ciki: silifa ƙafa ɗaya, wasu goruna 'yan kaɗan da mota ta taka, da wata kaza da ta mai da wurin akurkinta har ta yi ƙwai biyu.

Abin da kwas ɗina bai koya min ba, alhali a gidanmu na tashi ina gani, shi ne gorar roba a garin nan ba ta mutuwa da wuri. In aka shanye ruwanta sai ta koma ta zoɓo. In ta gaji da zoɓo ta koma ta man gyaɗa, daga nan kananzir, sai ta fashe tukuna ake sallamarta. Wace mace ce za ta ɗauki lafiyayyiyar gora ta jefa a keji saboda wani mai kaki ya ce? Maimakon in je in gaya wa shugabana gaskiya, sai dabara ta faɗo min, na kuma yi wa kaina kirari a kanta.

Ina da goggo, ƙanwar babana, Goggo Asta. A wajen Madagali take aure, har lokacin da masu tayar da ƙayar baya suka shiga garinsu. Ta fito da ƙafa ta bayan duwatsu da jikoki biyu da zanen da ke jikinta. Mijinta bai fito ba. Ta zauna a gidanmu wata da watanni, sannan ta kama ɗaki a Yolde Kohi ta fara dafa zoɓo da kunun aya. Da wannan take ci, da shi jikokin suke zuwa makaranta. Gorunanta su ne jarinta. Tana wanke su da ruwan zafi da sabulu, tana ɗiga jan farce a kan kowane murfi domin masu saye su san na wa za su mayar.

Na same ta tana tsince zoɓo a faranti. Bayan gaisuwa na ce ina son aron gorunanta na rabin yini. Ta tambaye ni me gwamnati za ta yi da gorar da ba komai a ciki. Na ce hoto kawai za a ɗauka, ko ƙura ba za ta taɓa su ba. Sai ta ce an ba ta aikin zoɓon suna na ranar Juma'a, babban aiki ne, kuma gobe da la'asar za ta fara zubawa.

"Ka dawo da shi kafin la'asar, ɗana," ta ce da irin Hausarta. "Ba ni da wani."

Na dafa ƙirji na yi alkawari. Don ƙarin iyayi har na gayyace ta ta zo ta ga yadda ɗanta yake magana a gaban manya.

Da safe na ɗauko buhu huɗu a keke napep. Na kori kaza, na juye biyu a cikin keji, biyu kuma na jingina su a gaba da baki a buɗe, wai keji ya cika har ya yi ambaliya. Na ja da baya na duba aikina, na ji daɗi har cikin raina. Aka kafa rumfuna, aka jera kujeru, jauro, wato mai unguwa, ya iso da dattawansa, mata suka zauna a gefe guda. Goggo tana layi na biyu, ta ci ado da atamfarta ta zuwa biki.

Malam Bakari ya zo ya tsaya gaban buhunan. Ya ɗauki gora ɗaya, ya buɗe, ya shinshina. Ni ma daga inda nake ina jin ƙamshin citta da kanumfari.

"Mutanen Jimeta akwai tsabta," ya ce. "Har shara sai sun wanke ta sun rufe mata murfi."

Na ce masa ai amfanin wayar da kai ke nan. Ya dube ni, ya mayar da gorar a hankali, ya koma kujerarsa.

Da aka ba ni lasifika na zuba jawabi. Na ce matan Yolde Kohi sun amsa kira fiye da yadda aka zata. Na ce ga shaida nan a gaban kowa, ba sai an yi dogon bayani ba (amma na yi dogon bayanin). Matan suka yi tafi suna kallon juna, kowace tana zaton maƙwabciyarta ce ta kawo. Ciyamomin biyu suna gyaɗa kai. A zuciyata har na fara tunanin kujerar da za a ba ni in an ƙara min girma.

Ina sauka sai ga motar mutanen Yola ta shigo da baya, ɗauke da wani abu a lulluɓe da tamfol. Ni na zaci lemo ne aka kawo wa baƙi. Aka yaye tamfol, sai ga inji mai faffaɗan baki, sabo fil, da janareta a gefensa. Mai gabatarwa ya ce yanzu an zo ƙololuwar biki, inda shugabannin biyu za su zuba buhu ɗai-ɗai a injin niƙa roba da hannunsu, alamar haɗin kai. Na zaro takardar jadawalin daga aljihu, duk ta jiƙe da zufa. Ga shi nan a rubuce ɓaro-ɓaro, tun ranar da na fita buga waya.

A nan ne zan faɗi abin da ya fi ci min rai. Buhun farko, ban motsa ba. Aka ba ciyaman na Yola girman farawa, ya ɗaga buhu da taimakon lebura, ni kuwa ina tsaye ina gaya wa kaina buhu ɗaya ne, zan san yadda zan yi. Injin ya kama ci. Ƙarar kamar ana taka busassun kara, ta ɗaya gefen kuma ɓarɓashin roba yana zubowa da ɗigo-ɗigon ja a cikinsa. Jama'a suka ɗauki tafi.

Na waiga wajen mata. Goggo ta miƙe tsaye ita kaɗai. Ba ta yi ihu ba, ba ta kira sunana ba. Ta dai riƙe bakin mayafinta tana kallona, tana jira ta ga abin da zan yi. Ban taɓa jin na tsani kaina irin na wannan lokacin ba.

Namu ciyaman ya kama kunnen buhu na biyu. Ban san lokacin da na isa wurin ba, sai dai na ga hannuna a kan ɗaya kunnen. Shi ya zaci taya shi na zo yi, har ya juya ya yi wa masu hoto murmushi. Ya ja wajen inji, na ja wajen keji. Ya sake ja, na sake ja. Murmushin yana nan a fuskarsa, amma ta gefen baki ya ce min in saki. Shi kuwa mai gabatarwa, ganin bakin ciyaman yana motsi, sai ya rugo ya kara mana lasifika don kada jama'a su rasa kalaman shugaba. Abin da ya fita, har bakin titi, muryata ce:

"Ranka ya daɗe, ba shara ba ce. Aro na yi."

Daidai nan buhun ya yage. Goruna suka watse suna gangarawa ƙarƙashin kujerun manyan baƙi, kowace da ɗigon jan farce a ka. Wata mata ta ɗauki wadda ta tsaya a ƙafarta, ta juya ta, ta ce ai wannan ta Goggo Asta mai zoɓo ce. Dariya ta tashi daga ɓangaren mata, ta bi layi-layi har ta kai ga dattawan jauro. Malam Bakari ne ya je ya kashe janareta.

Ciyaman ya tambaye ni, ba tare da murmushi ba yanzu, wane irin mutum ne yake aron shara. Na yi bayani kaina a ƙasa, har da batun kaza, don na ga ba sauran abin ɓoyewa. Jauro ya sa aka kira Goggo. Na shirya wa zagi, kuma da ta zage ni da na ji sauƙi. Ta zo ta rusuna ta gaishe su.

"Barkama, ɗana ne," ta ce wa jauro, da kalmar girmamawar da ake yi wa sarakuna a nan. "Ya ce hoto kawai."

Sai ta nemi izini ta kwashe abin da ya rage, don gobe akwai suna. Ta duƙa ta fara tsinta. Mata suka taso suka taya ta, Malam Bakari ya riƙe mata bakin buhu, su ma ciyamomin da suka ga ido ya yi yawa kowa ya sunkuya ya ɗauki ɗaya. Masu hoto suka yi ta ɗauka. Hoton da ya fi yawo daga bikin ke nan: shugabanni biyu suna ceton goruna daga injin da suka zo ƙaddamarwa, ni kuma a baya riƙe da yagaggen buhu.

Takardar neman ba'asi ta same ni washegari, ƙarin girma kuwa ya wuce ni ya ba wani. Shirin bai mutu ba, gyara shi aka yi. Aka zauna da mata kamar yadda Malam Bakari ya faɗa tun farko. Yanzu lafiyayyun goruna ware su ake yi a ba masu sana'a, fasassu da ledojin ruwa su ne abincin inji, kuma kejin yana cika ba tare da taimakona ba. A ofisoshin biyu har yau Mai Sharar Aro ake kirana. Ina amsawa, don ni na saya da hannuna.

Amma a ranar, bayan an watse, akwai buhu guda da ya zama gari, ga la'asar tana matsowa. Malam Bakari ya ɗauke ni a motarsu. Muka zaga tasha da wuraren biki da gidajen abinci, ina shiga da kakina ina roƙon gorunan da aka shanye. Na kawo su gidan Goggo, na naɗe ƙafar wando, na zauna a kan turmi ina wankewa da ruwan zafi, ita tana ɗauraya tana ɗiga jan farce. Da na kasa jurewa na ce ta yafe min.

Ba ta ɗago ba. Ta ce ta yafe tun a filin, in ba haka ba da ba ta ce ni ɗanta ba ne. Sai ta ɗora murfi a kan wata gora, ta ajiye ta a layi.

"Waɗanda suka kore mu daga gida, ban san fuskarsu ba," ta ce. "Kai kuwa na goya ka. Kana tsaye aka zuba buhun farko."

Zoɓon suna ya isa a kan lokaci. Ni kuma na tashi daga kan turmin nan da yatsu a yamutse, da kuma darasin da ba a ba da takardar shaida a kansa. Kafin ka kira abu shara, ka tambayi mai shi. In kuma son burge manya ya kai ka ga yin ƙarya, to ka yi ta da kayanka, kada ka yi da jarin wadda ta ba ka don ta yarda da kai.