Robar Hoton Baba da Ɗan Akuyata

Akwai wata 'yar ƙara da ba zan taɓa mantawa da ita ba: fus, fus. Ina tankaɗe na ji ta a bayan ƙofa. Nana ce, 'yata mai shekara biyar, take matsa wata jar roba mai kamar ƙwan agwagwa, wadda ta zaro daga akwatin kakanta.

A makon ne akuyarmu ta mutu ta bar ɗa guda. Ya ƙi kwano, ya ƙi cokali, sai kuka. Na dubi robar, na ce Allah ya kawo bibiro, abin shayar da jariri. Kwana tara ina zuƙo madara da ita ina matsa masa a baki. Da ya fara cin dusa sai na ɗauraye ta (bayanta kawai, in faɗi gaskiya), na mayar.

Baba Isaka, surukina, tsohon mai hoto ne a Magariya. Na'urarsa ta katako ce mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle. Ashe robar nan ita ce ranta: ana haɗa ta da siririn tiyo, in ya matsa iska ta buɗe idon gilashin, in ya saki ya rufe. Na yi koleji har aji huɗu, ba a koya mana wannan ba.

Ranar bikin ƙanwar maigidana, Goggo Hajara, yayar Baba, ta zo daga Dogo-Dogo. A rayuwarta ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Ranar ta ce, "Sau ɗaya, kuma da akwatin hoton Isaka, ba da wayoyin nan naku ba." Fim ɗaya ya rage wa Baba, shekaru yana ɓoyonsa saboda ita.

Aka zaunar da ita a farar tabarma. Baba ya shiga ƙyalle ya fito, ya zare marfin fim, ya ce, "Yaya, kar ki motsa. Bismillah."

Ya matsa. Idon ya buɗe, ya ƙi rufewa. Ya sake matsawa: fus, fus.

Sai ga ɗan akuyata a guje, ya ratsa ƙafafun mata, ya dafa gwiwar Baba, ya cafke robar yana tsotso, wutsiya na rawa. Tiyon ya fizge, dunƙulen madara mai tsami ya faɗo a kan babbar rigar Baba.

Baba ya shinshina. "Wa ya shayar min da na'ura?"

Ɗan akuyan ne ya zo ya kwanta a kan ƙafata.

Goggo ta ce, "Isaka, an gama? Wuyana ya ƙage."

"An gama, Yaya. Haske ya cinye ki."

Ta miƙe ta kaɗe zane. "To, dama Allah bai nufa ba."

Na durƙusa na ba Baba haƙuri. Ya ce ba komai, kuma bai sake maganar ba, abin da ya fi faɗa ciwo. Goggo ta rasu da damina. Hotonta babu.

Yanzu ko tsinke na gani a akwatin wani, sai na tambayi aikinsa kafin tausayina ya ba shi wani. Kwanan baya Nana ta same ni ina goge robar da ruwan ɗumi, ciki da waje. Ta tsaya tana kallona, ta ce:

"Mama, ki daina. Ai ɗan akuyan ya yi ƙiba."