Sadakar Mai Alkyabba

Ba zan taɓa mantawa da ƙarar takardar nan ba, ƙaras-ƙaras, ranar da nake kwance ƙunshin gishiri a bakin murhu. Da na juye gishirin a gwangwani na cusa takardar a wuta kamar yadda na saba, da yau ba ni da labarin ba ku. Amma sai idona ya faɗa kan zanen da ke jikinta.

A Ajingi muke a lokacin, ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba. Ni 'yar Gaya ce, aure ne ya kai ni can, maigidana malamin gona. Na yi sakandare a Kano kafin aure, kuma a duk unguwarmu ni kaɗai ce mace mai karanta boko. Saboda haka ni ce mai karanta wa mata wasiƙa. Aikin yana da ƙa'idarsa: idan wasiƙa ta zo da mummunan labari, ba na karanta wa mai ita. Sai in ninke, in ce rubutun bai fito sosai ba, in aika wa manya su zo su faɗa mata da lallashi. Sau biyu na yi haka, kuma kowa ya san na yi.

Takardar gishirin shafi ce daga irin littattafan nan na Turanci masu zane-zane, waɗanda maganar mutum ke fitowa daga bakinsa a cikin da'ira. A makaranta na sha ganin 'yan mata da su, ina yi musu kallon marasa aikin yi. A wannan shafin wani ƙato ne da koriyar alkyabba, ya rufe rabin fuskarsa, ya tallafe karyayyiyar gada da kafaɗarsa har motar 'yan makaranta ta haye lafiya. A ƙasan shafin kuma wani attajiri ya yi masa sharri cewa shi ya karya gadar, ya sa lada mai yawa ga duk wanda ya kawo shi, a raye ko a mace. Sunansa ya yage tare da kusurwar takardar, don haka na raɗa masa Mai Alkyabba. Na juya baya, na karanta, labari ya yanke. Miyata ta kama a tukunya.

Malam, wato maigidana, shi ke yin cefane ranar kasuwa. Na ce masa gishirin mutumin da ya saya a wurinsa ya fi na kowa, kada ya canja. Mako ya zagayo na ce a ƙaro. Da gishiri ya cika gwangwani biyu da ƙwarya, sai na ji mutumin yana sayar da kanwa ma, na koma kanta, kuma na roƙa a ƙunsa kashi-kashi (wai don kada ta yi laima). Malam ya tambaye ni ko na sayi raƙumi ne ban gaya masa ba. Na yi dariya, shi ma ya yi, ya ci gaba da sayowa.

Shafukan ba a jere suke zuwa ba. Ina kaɗe musu gishiri, in goge su da dutsen guga, in tsara su bisa lamba, in ɓoye a cikin babbar tasar da ke can saman jerena. Mutum ɗaya ce ta san sirrin, 'yata Safiya, mai shekara shida. Bayan azahar nakan zaunar da ita in fassara mata, tana bin zanen da yatsa.

A labarin, mutum uku ne suka fito neman Mai Alkyabba, waɗanda sana'arsu ke nan, farautar mutane don lada. Akwai mai ido ɗaya da doguwar bindiga, akwai wata mata mai bulala, akwai wani jibgege mai ragar ƙarfe. Shi kuwa da hannu ɗaya zai iya murƙushe su duka, amma ya yi alkawari ba zai taɓa kashe rai ba. Sai gudu yake yi daga rufin gida zuwa rufin gida, mutanen da ya taimaka suna rufe masa ƙofa. A wani shafi na gano maraya ne. To ni ko kazar gidanmu za a yanka, ɗaka nake shiga. Ku ƙiyasta halin da nake ciki.

Ranar da abin ya lalace, shafin da ya zo da kanwa shi ne wanda suka rutsa shi. Mai ido ɗaya ya harbe shi a kafaɗa, jibgegen ya jefa masa raga, ya faɗi yana kallon sama. Ina tsugune a bakin murhu, ban ko hura wuta ba, hawaye na zuba kamar an yi mini rasuwa. Sai na ji sallama a kaina.

Iya Tabawa ce, maƙwabciyarmu. Ɗanta ɗaya tilo, Sale, soja ne a kudu, kuma wasiƙunsa ta ofishin Malam suke zuwa, ni nake karanta mata. Wata uku ke nan ba ta ji daga gare shi ba. Kunya ta kama ni, na dunƙule takardar na tura ƙarƙashin zanena. Ta ga hannuna. Ta tambaye ni lafiya, na ce hayaƙi ne ya shiga mini ido. Ta dubi murhu, toka sanyi ƙalau. Ta tambaya ko wasiƙa ta zo, na ce a'a ba tare da na ɗaga kai ba. Ta ce to, ta juya ta fita a hankali. Ni a wautata har hamdala na yi, wai asirina ya rufu.

Da Juma'a ta zo na tashi na toya waina, sadaka. A zuciyata na yi niyyar ga duk wanda ke cikin ƙunci a duniya (na san zane ba ya bukatar sadaka, na yi karatun addini daidai gwargwado, amma Allah ya san wanda ke raina). Na ba Safiya faranti ta kai maƙwabta. Da ta shiga gidan Iya, Iya ta riƙe hannunta ta tambaye ta sadakar wace ce. Yarinya ba ta iya ƙarya ba. Ta ce ta mutumin cikin takarda ce, wanda Umma ke yi wa kuka, an harbe shi a kafaɗa, an kama shi, kuma Umma ta ce kada a gaya wa kowa.

Bayan la'asar ina shara na ji sallama ba ta mutum ɗaya ba. Mata bakwai ne, gabansu Gwaggo Hansai matar liman, biyu suna riƙe da Iya ta kowane gefe. Na shimfiɗa tabarma, aka gaisa gajeriyar gaisuwa irin ta gidan makoki. Gwaggo ce ta fara, ta ce sun san al'adata, kuma sun gode da tausayina, amma tsohuwar nan kwana uku ba ta sa komai a bakinta ba, gara a faɗa mata. Sai Iya ta ɗago.

"'Yar nan, faɗa mini kawai. Na riga na karɓi ƙaddara. Sale ya cika ne, ko yana hannun waɗanda suka kama shi?"

A nan ne komai ya haɗu a kaina: hawayen, takardar da na ɓoye, sadakar. Na rantse musu babu wasiƙa. Ba wadda ta yarda, domin sun san na ɓoye gaskiya a karo biyun da suka wuce. Hanya ɗaya ce ta rage. Na shiga ɗaka, na taka kujera, na sauko da tasa, na fito na jera shafuka goma sha huɗu a tsakiyar tabarma, duk sun sha guga.

Kawuna bakwai suka sunkuya. Na ce da ƙaramar murya, wannan ne aka harba. Gwaggo Hansai ta ɗauki shafi ɗaya a juye, na gyara mata, ta nisantar da shi daga idonta ta daɗe tana kallo.

"Malama, wannan ɗan uwanku ne na Gaya?"

Na ce a'a, Gwaggo, babu shi, zana shi aka yi.

"Babu shi. Kuma aka toya masa waina." Ta ƙara matso da shafin. "Shi kayan nan da ya ɗame a jikinsa, sawa ya yi ko shafa masa aka yi?"

Wata ta fara ƙyalƙyalewa a cikin mayafi, sauran suka bi. Ni dai da ƙasa za ta tsage da na gode mata. Iya ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta sa aka miƙo mata shafin ragar, ta shafa fuskar mutumin, ta tabbatar ba Sale ba ne, sannan ta fashe da kukan da ta riƙe kwana uku. Na durƙusa a gabanta na nemi gafara, ni ma ina kuka, wannan karon da dalili. Ta ɗauki maficin Gwaggo ta maka mini a baya sau biyu, ta ce in kawo mata ragowar wainar, yunwa take ji. Tana ci tana share ido, sai ta ce, to shi wannan bawan Allah, ya kuɓuta kuwa? Na ce ban sani ba, sai kasuwa ta ci.

Kasuwa ta ci, gishiri ya zo a ƙunshe cikin tsohuwar jarida. Littafin ya ƙare a wurin mai gishiri, ragowar shafukan sun watsu a gidajen Ajingi da ƙauyukanta, wataƙila an hura wuta da su. Har yau ban san ƙarshensa ba.

Wasiƙar Sale ta iso bayan mako biyu, yana lafiya, canjin bariki aka yi musu. Iya ta kafa mini sharaɗi: daga ranar a gabanta za a yage ambulan, kuma in na zo karantawa in ɗaga kai ta riƙa ganin idona. Na yarda. Gishiri da kanwa na raba wa unguwa, aka shekara ana kirana Matar Mai Alkyabba, Malam ma in ya ga na yi tagumi sai ya tambaya wa aka kama kuma. Abin da na koya shi ne, macen da unguwa ke karanta labari a fuskarta ba ta da ikon yin kuka a ɓoye. Tun daga lokacin in takarda ta sa ni hawaye, ɗaga ta nake yi kowa ya gani, in sha dariyar tun da wuri.

Washegarin zuwan matan na ƙudura in rabu da fitinar gaba ɗaya. Na hura wuta, na tattaro shafukan, na yi bisimilla na miƙa hannu. Safiya ta taho da gudu ta riƙe mini gefen zane.

"Umma, su uku da bindiga ba su kashe shi ba. Ke ce za ki kashe shi?"