Ranar da Wayar Asibiti Ta Tona Min Asiri

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka yi addu'ar buɗe sababbin wayoyin asibitinmu ba. Ko na so in manta, mutanen Tudun Wada ba za su bar ni ba.

A lokacin ni ke kula da kwamfutocin wani ƙaramin asibitin kuɗi (ba zan faɗi sunansa ba, abin da na ja musu ya isa). Mai asibitin, wanda kowa ke kira Dakta, ya gaji da yadda ma'aikata ke fitowa baranda suna ƙwala wa juna kira. Sai na ce masa zan iya sa wayar tebur a kowane ɗaki, kiran ya riƙa bi ta intanet, da wata manhaja ta kyauta wadda kowa ke da damar buɗe cikinta ya gyara. Ya tambaye ni ko na taɓa yi. Na ce sosai ma. Gaskiyar magana, na taɓa kallon wani yana yi a bidiyo.

Na zaƙulo tsohuwar kwamfuta a sito na mai da ita saba, wato uwar da duk kira ke ratsawa ta cikinta. Na sha wuya. Wani lokaci kira ya shiga amma mutum ɗaya ne ke jin ɗan uwansa, wani lokaci ka kira ɗakin magani, ɗakin haihuwa ya ɗauka. In na kai kuka dandalin masu manhajar, sai wani da ban san ko daga wace ƙasa yake ba ya ce in je in karanta bayani. A hankali dai abin ya miƙe.

To, akwai Rukayya, mai yanka kati a bakin ƙofa. Ni kuwa littattafan soyayya na kasuwa ne suka rene ni, tun ina ɓoye su a cikin littafin lissafi. A cikinsu saurayi ba ya cewa yana son yarinya haka kawai, sai ya haɗa da wata da taurari. A zahiri ban taɓa wuce "Ina kwana, ya aiki?" da ita ba. A cikin kaina kuwa har mun tare a Gyallesu, muna gardamar launin labule.

Wata rana bayan la'asar ina buƙatar murya don in gwada saƙon da mai kira zai fara ji kafin a ɗauka. Mai hankali zai ce "gwaji, gwaji" ya ajiye. Ni da na ga ni kaɗai ne a ɗakin saba, sai na rufe ƙofa, na sassauta murya, na zazzage duk abin da ke raina. Gwaji ya yi kyau (na saurara fiye da yadda aikin ke buƙata). Daga baya na sa Rukayya ta yi sallamar gaskiya da muryarta, na ɗora a kan wayoyin, na kira na ji tana aiki. Abin da ban yi ba shi ne rubuta canjin a fayil ɗin da saba ke karantawa duk lokacin da ta tashi. Nawa saƙon kuma ban goge ba. Wa ke goge mafi kyawun abin da ya taɓa faɗa a rayuwarsa?

Dakta ɗan gidan malamai ne, ba a fara amfani da sabon abu a wurinsa sai an yi masa addu'a. Ya gayyato baffansa, wani dattijon liman, da maƙwabta, aka shimfiɗa tabarmi a harabar asibiti. Ana tsakiyar addu'a aka ɗauke wuta, aka tayar da janareta. Ni na fi kowa ɗaga murya wajen amin, ko kaɗan ban tuna cewa saba ta mutu ta farfaɗo da tsohon karatunta ba.

Aka shafa. Dakta ya danna lambar asibitin a wayarsa, ya buɗe lasifika, ya durƙusa ya miƙa wa dattijon.

"Baba, kai za ka fara kira, don albarka."

Kira ya shiga. Sai ga muryata, a shaƙe kamar mai mura:

"Rukayya... Rukayya. Ke ce farin watan da ya leƙo sararin zuciyata. Tun ranar da kika ara min biro barci ya yi ƙaura daga idona. Na rantse ko katin asibiti kika yanka min, zan rataya shi a wuya kamar laya..."

Malam ya nesanta wayar daga fuskarsa, ya dube ta, ya dubi Dakta.

"Wannan bawan Allah a wane ɗaki aka kwantar da shi?"

Hajiya Matiron, shugabar nas-nas, wadda ba ta taɓa barin magana ta wuce ta ba, ta ce, "Injiniyanmu ne, Malam. Ga shi can a tsaye. Irin ciwonsa ba mu da allurarsa."

Na kwasa da gudu zuwa ɗakin saba. Saƙon kuwa na tsara shi ne ya yi ta maimaita kansa har sai an ɗauka, kuma Rukayya da za ta ɗauka ta rufe fuska da mayafi ta shige ɗakin magani. Kalmar sirrin da nake bugawa kullum ta ɓace min. Ina jiyo kaina daga waje ina sake farawa, "Rukayya... Rukayya," yara na tayawa. Ƙarshe fizge wayar wuta na yi daga bango, kamar wanda bai taɓa shiga aji ba.

Dakta bai kore ni ba, kuma ba don tausayi ba. "Da akwai wani a Zariya da ya san kan wannan shirgin naka," in ji shi, "da tuni kana gida." Haka na tsira da aikina.

Washegari Rukayya ta tsaya a ƙofar ɗakin saba, jakarta a kafaɗa. A littafi, nan ne yarinya ke sunkuyar da kai tana wasa da gefen mayafi. Ita ido cikin ido ta dube ni.

"Injiniya, na taɓa yi maka wani laifi?"

Na ce a'a.

"To me ya hana ka faɗa min? Kullum ta gabana kake wucewa. Yau da safe mai keke ya ce min, 'Farin wata, ina zuwa?' Baba ya ce tunda abin da ake yi a wurin aikin ke nan, in dawo gida. Na rantse masa ban san komai ba, ya ce namiji ba ya irin wannan kuka haka kawai."

Na fara haɗa wata jimla mai hawaye da nadama a ciki. Ta ɗaga hannu.

"Don Allah kar ka sake yi min karatu. Da ka tambaye ni, da na ce maka a'a cikin mutunci, daga ni sai kai. Da yanzu ina kan kujerata."

Ta juya ta tafi, ba ta sake dawowa asibitin ba. Na tura Hajiya Matiron ta ba mahaifin Rukayya haƙuri, ya karɓe ta da girmamawa, ya ce magana ta wuce, amma aiki an gama.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba. In ka canza wani abu a saba, ka kashe ta da hannunka ka kunna, ka ga da me za ta farka. In kuma kana da magana da 'yar mutane, ka taka da ƙafarka ka je ka karɓi a'arka da zafinta. Ni tawa na same ta duk da haka, sai dai wata ce ta rasa aikinta kafin a ba ni.